Imel Na Shigowa, Amma Kalanda Fa? Darasi Ga Masu Shirin Fita IT

Lokacin da na yi SIWES ɗina na wata huɗu, a wani kamfani mai haɗa wa ofisoshi intanet aka ajiye ni. Ranar farko suka buɗe min adireshin imel na aiki. Na zauna a kan benci na saka shi a wayata da kaina, ban tambayi kowa ba, don kada a ce ɗan poli bai iya ba. Saƙonni suka fara shigowa, na ce shi ke nan.

A mako na uku aka sa za mu je wajen wani kwastoma ranar Alhamis da ƙarfe biyu. Na rubuta biyun da hannuna a kalandar waya. Daren Laraba oga ya dawo da tafiyar ƙarfe goma na safe. Kalandar kowa ta gyara kanta, tawa tana nan a kan biyu. Imel ɗin sanarwar ma bai shigo ba sai wajen sha biyun rana, da na buɗe manhajar da kaina. Da na iso, oga ya dube ni ya ce, "Kai ɗan IT, ina ka shige?" Na ce, "Yallaɓai, wallahi ban ga saƙon ba." Bai ƙara cewa komai ba, amma logbuk ɗina na wannan makon sai da ya kwana goma a kan teburinsa ba sa hannu.

Kuskure biyu na yi, kuma da yawanmu da za mu fita IT na shekara guda bayan ND za mu iya maimaita su.

Na farko, ban san cewa hanyar da imel ke bi daban take da ta kalanda ba. Saƙonninka ba a cikin wayarka suke zaune ba. Suna kan wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wayar leƙawa kawai take yi. Hanyoyin leƙawar uku ne za ka fi cin karo da su. POP3 ita ce tsohuwa: tana kwaso saƙonni ta kawo cikin na'ura ɗaya, sau da yawa ma ta share su daga sabar, kamar wanda ya je akwatin gidan waya ya kwashe wasiƙu ya tafi da su gida. Ka guje ta. IMAP kuwa tana barin komai a kan saba, in ka karanta saƙo a waya, a kwamfutar ofis ma zai nuna an karanta. Ita na zaɓa, kuma ba ta da laifi, sai dai ba ruwanta da kalanda kwata-kwata. Gayyatar taro tana zuwa ne a matsayin saƙo mai ɗan fayil a maƙale, in ba ka buɗe ka saka ba, kalandarka ba ta san an yi ba. Ta uku ita ce Exchange ta Microsoft, wadda ke ɗauko imel da kalanda da lambobin mutane a tafiya ɗaya. Da ita sauran ma'aikatan suke amfani, shi ya sa nasu ya gyaru suna barci.

Don haka kafin ka taɓa komai, ka je wurin mai kula da kwamfutocin ofis ka yi masa tambaya ɗaya: imel ɗinmu a kan me yake? In ya ce Microsoft 365, ka sauke Outlook ka shiga da adireshin, ko ka zaɓi Exchange a wurin ƙara asusu. In ya ce Google Workspace, ka ƙara shi a matsayin asusun Google, Gmail da Google Calendar za su ɗauka tare. In kuma ƙaramar ma'aikata ce da imel ɗinta ke hannun kamfanin da ya yi mata shafin intanet, to a nan IMAP za ka yi, kuma za a tambaye ka lambar ƙofa: 993 ta saƙo mai shigowa, 465 ko 587 ta mai fita. Kalandar irin wannan wuri, in akwai ta, ta wata hanya ake ɗauko ta mai suna CalDAV. iPhone na da ita a ciki, a Android kuwa sai ka ƙara manhaja irin DAVx5.

Wani zai ce ya sa kalmar sirri daidai sau biyar ana ƙi. Ba lallai ba ne laifinka. Tun Oktoban 2022 Microsoft ta fara rufe tsohuwar shigar nan ta suna da kalmar sirri kawai a imel ɗinta na kamfanoni, Google ma ta bi wannan hanya. Tsohuwar manhajar imel da ba a sabunta ba, haka za ta yi ta ƙin ka. Ka sabunta ta ko ka canza.

Kuskurena na biyu ya fi ba ni haushi, don ni na jawo shi da hannuna. Kun san halin wuta a hostel. Kullum wayata tana kan tsarin tattalin caji, ga kuma na tattalin data a kunne. Waɗannan biyun aikinsu ke nan su hana manhaja motsi in ba ka buɗe ta ba, kuma daidaita saƙonni a bayan fage ake yin sa. Ba sai ka kashe su gaba ɗaya ba. Ka shiga saitin batir ka cire wa manhajar imel da ta kalanda takunkumi, ka yi haka a saitin data. Maganar gaskiya rubutun imel ba ya cin data, fayilolin da ake maƙalawa ne ke ci, sai ka hana su sauka da kansu. A Gmail ma kana iya rage kwanakin saƙonnin da waya ke ajiyewa daga 30 zuwa bakwai.

Bayan ka gama, kada ka yarda da alamar da ke cewa an haɗa. Gwada. Ka saka taron ƙarya a kwamfutar ofis, ka jira ka gani ko zai fito a waya. Sannan ka saka wani a waya ka duba kwamfuta. A nan mutane ke faɗawa: waya kan adana sabon taro a kalandarta ta cikin gida ko a Gmail ɗinka na kanka, kai kana zaton abokan aiki na gani. Duk lokacin da za ka saka taro, ka duba sunan asusun da ke sama.

Ka kuma duba agogo. Mu muna GMT+1 duk shekara. Ingila daidai take da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin tana bayanmu da awa ɗaya. Kalanda ta san wannan lissafin, amma sai in yankin lokacin wayarka daidai yake. Masu gyara agogo da hannu, ku kula.

Akwai wani abu da ba wanda ya gaya min sai ana gobe zan tafi. In waya ta nemi ka ba asusun aiki ikon kula da na'ura, ka karanta kafin ka danna. A wasu tsare-tsaren wannan izini na ba ma'aikata damar tilasta maka sa makullin sikirin, har ma ta goge wayar daga nesa in ta ɓata, da hotunanka da furojet ɗinka duka. Manhajar Outlook ta fi sauƙi, abin da ke cikinta kawai ake iya gogewa. In ma'aikatar ta tanadi ɓangaren aiki na Android, wanda manhajojinsa ke ɗauke da alamar jaka, shi ma yana raba nasu da naka.

Kuma imel ɗin aro ne. Kada ka cika fom ɗin HND da shi, ko ka ɗora asusun banki a kai. Nawa, kwana biyu da barina wurin aka rufe shi, da takardar shaidar kammala aikin da sakatariya ta turo min a ciki. Sai da na sake biyan kuɗin mota na koma na roƙe ta ta tura min a Gmail.