Kalmar Wannan Mako: "Store", Uwar Sito

A filinmu na koyon Turanci na wannan mako mun ɗauko kalmar "store". Na san wani zai ce, "Haba, ai wannan kowa ya san ta, ba sito ba ne?" Gaskiya ne, sito daga cikinta ya fito. Amma kalmar tana da manyan ma'anoni uku, Hausa kuwa ɗaya kawai ta ara. Wanda ya tsaya a kan sito kaɗai zai iya rasa maki a jarrabawa, kuma zai iya bari maganin da aka saya da tsada ya lalace a gida. Don haka ku ɗan tsaya a gaban allon nan, mu bi ta daki-daki.

Yadda ake faɗinta

Haruffanta biyar ne, amma gaɓa ɗaya ce. Ana haɗa "s" da "t" a lokaci guda, sannan a ja wasalin, kamar a ce "stoo". Ƙarshenta ɗaya da na "door" da "more" da "four". Harafin "e" na ƙarshe ba a furta shi. Yawancin mutanen Ingila ba sa furta "r" ɗin ma, amma Amurkawa suna furta shi.

To me ya sa mu muke cewa sito? Dalili shi ne harshen Hausa ba ya son baƙaƙe irin waɗannan su haɗu a farkon kalma babu wasali a tsakaninsu. Sai bakinmu ya cusa wasali. Haka "bread" ya zama burodi, "driver" ya zama direba, "block" ya zama bulo, "primary" ta zama firamare. Wannan ba laifi ba ne idan Hausa muke yi, domin sito ya riga ya zama ɗan gida. Amma idan malami ya ce ka tashi ka karanta Turanci, sai ka cire wasalin nan da ka cusa.

Su ma Turawan Ingila aro suka yi. Kalmar ta zo musu daga tsohon Faransanci, inda ake cewa "estorer", shi kuma ya samo ta daga harshen Latin. Bayan da mutanen Nomandi na arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, kalmomin Faransanci masu yawa sun shiga Turanci, wannan tana cikinsu. Ashe dai aron kalma ba mu muka fara ba.

Ma'ana ta farko: ɗakin ajiya

Wannan ita ce wadda muka sani. A nan kalmar suna ce, tana nufin ɗaki ko gini da ake ajiye kaya a ciki. Kusan kowace makaranta tana da sito, inda ake kulle alli da tsintsiya da fartanya da kayan wasanni. A gida kuma nan ake jibge buhunan hatsi da manyan tukwane. Ga misalai:

"The brooms are in the store." Tsintsiyoyin suna cikin sito.

"Who has the key to the store?" Makullin sito yana hannun wa?

Wannan ɗakin ana kuma ce masa "storeroom". Mutumin da yake kula da shi, yana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, shi ne "storekeeper". Jam'in kalmar mai sauƙi ne, "s" kawai za ka ƙara: "one store, two stores".

Ma'ana ta biyu: kanti

A nan ne ɗalibai da yawa suke ruɗewa. A Turancin Amurka, kalmar tana nufin kanti ko shago, wurin saye da sayarwa. Mutanen Ingila sun fi cewa "shop" ga ƙaramin kanti, sai babba sosai suke kira "store". Mu a Najeriya duka biyun muke amfani da su. Ku duba allunan bakin titi a hanyarku ta komawa gida, za ku ga "Provision Store" a shagon da ake sayar da madara da sukari da sabulu, ko "Patent Medicine Store" a shagon magani.

Yanzu ku duba wannan jimlar: "She went to the store to buy sugar." Idan ɗalibi ya fassara ta da cewa ta shiga sito, ya yi kuskure, domin ba a sayen sukari a siton gida. Kalmar "buy" ita ce ta tona asiri. Daidai shi ne: ta je kanti sayen sukari.

Wannan ma'anar tana cikin wayar hannu ma. Kamfanin Apple ya buɗe App Store a 2008, shi kuma Google ya sa wa nasa suna Google Play a 2012, wanda muke gani a waya da sunan Play Store. Kamfanonin biyu na Amurka ne, saboda haka kantin manhajoji suke nufi, inda ake samun wasu kyauta, wasu kuma sai an biya.

Ma'ana ta uku: adanawa

Wannan ita ce Hausa ba ta ara ba, kuma ita ce ta fi fitowa a littattafanmu. A nan kalmar aikatau ce, ma'anarta a ajiye abu a wuri mai kyau domin a yi amfani da shi nan gaba. Ga yadda take sauyawa:

"Farmers store millet in a granary." Manoma suna adana gero a rumbu.

"My mother stores water in a clay pot." Mahaifiyata tana ajiye ruwa a randa.

"We stored the onions last month." Mun adana albasa a watan jiya.

"They are storing the maize now." Suna adana masara yanzu.

Ku lura da abu biyu. A shuɗaɗɗen lokaci "d" kawai ake ƙarawa, tunda akwai "e" a ƙarshe. Idan kuma za a sa "ing", sai a jefar da "e" ɗin. Duk wanda ya rubuta "storeing" ya ba malami aikin jan biro.

Wannan aikatau yana bin mu kusan kowane darasi. A Kimiyya an koya mana cewa rogo yana adana sitaci a saiwarsa, rake yana adana sukari a karansa, batir kuma yana adana makamashi. Raƙumi ma yana da tasa ajiyar: "A camel stores fat in its hump." Kitse ne a tozonsa, ba ruwa ba, ko da yake mutane da yawa suna zaton ruwa ne. A darasin Noma ana maganar adana wake a buhun nan mai ninki uku da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Idan an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, sai ƙwarin da ke ciki su mutu ba tare da an zuba guba ba. A darasin Kwamfuta kuma za ka ji "A computer stores information." A nan akwai ɗan tarko: hatsi ana adana shi "in" rumbu, amma hoto ana adana shi "on" waya ko kwamfuta.

Inda rashin saninta yake da haɗari

Idan kun koma gida yau, ku nemi izinin babba ku ɗauki kwalin magani ku juya bayansa. Za ku ga jimloli irin waɗannan:

"Store in a cool, dry place." A ajiye a wuri mai sanyi wanda babu danshi.

"Store below 30°C." A ajiye a inda zafi bai kai digiri 30 ba.

"Store in a refrigerator. Do not freeze." A ajiye a firiji, amma kada a bari ya daskare.

A duk waɗannan, kalmarmu umarni ce, ba sunan ɗaki ba. Wanda ya san sito kaɗai zai iya ɗaukar maganin ya kai sito, alhali a gidaje da yawa siton ya fi ko'ina zafi, musamman mai rufin kwano da ba shi da taga. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. Zafi da danshi suna rage ƙarfin magani, mara lafiya ya yi ta sha bai ga sauƙi ba. Wasu magungunan, kamar allurar insulin ta masu ciwon sukari, ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 kafin a fara amfani da su. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, to amma sai zumar da aka adana da kyau. A gidaje da dama mu 'yan makaranta ake miƙa wa kwali a ce, "Karanta mana." Ke nan amana ce a wuyanmu. Idan ba ka gane abin da aka rubuta ba, kada ka yi cinke, ka ce a koma a tambayi mai kantin magani ko ma'aikacin asibiti.

Bambancinta da "keep" da "save"

Duk ukun ana iya fassara su da ajiyewa, amma ba ko'ina ɗaya take shiga gurbin ɗaya ba. "Store" tana son wuri da kuma ɗan lokaci mai tsawo. "Keep" ta fi faɗi, tana nufin riƙewa ko ci gaba da zama a wani hali, shi ya sa ake cewa "keep quiet" da "keep the change". Babu mai cewa "store quiet". Ita kuma "save" da ita ake tara kuɗi a asusu ko a banki, da ita kuma ake ceton rai.

Akwai kuma 'yarta, wato "storage", wadda take nufin aikin adanawa ko filin da ake da shi na ajiya. Idan waya ta rubuta "storage full", ma'ajiyarta ce ta cika, sai an goge wasu hotuna ko bidiyo. Wannan kalmar ba a ƙirga ta, don haka ba a sa mata "s" a ƙarshe.

Kama da wane ba wane ba ne

Ga wasu kalmomi da suke kama da tamu a ido ko a kunne. Ku kiyaye su a lokacin shifta:

"Story" labari ne ko tatsuniya.

"Storey" hawa ne na bene. Haka mutanen Ingila suke rubuta ta, mu ma su muke bi a makaranta, amma Amurkawa suna cire "e" ɗin.

"Stare" zura ido ne.

"Stole" ita ce "steal" a shuɗaɗɗen lokaci, wato ya yi sata.

"Stall" rumfa ce ko tebur na kasuwa.

Ku duba abin da haruffa biyu za su jawo. "He stored the money" yana nufin ya adana kuɗin. "He stole the money" yana nufin ya sace kuɗin. Kuskuren biro ya mayar da mai amana ɓarawo!

Akwai kuma wani salon magana da yakan fito a labaran da muke karantawa a aji, wato "in store for". Idan aka ce "There is a surprise in store for you," babu ruwan maganar da sito ko kanti. Ana nufin akwai abin mamaki da yake jiranka nan gaba.

Dabarar ganewa

Duk inda ka ci karo da kalmar, yi wa kanka tambaya uku. Ta farko, akwai "a" ko "the" ko "our" a gabanta? Idan akwai, suna ce. Ta biyu, idan suna ce, ana maganar saye da sayarwa da kuɗi? Idan haka ne kanti ne, idan kuwa maganar makulli da ajiyar kaya ake yi, sito ne. Ta uku, ita ce ta buɗe jimlar, ko ta biyo bayan mai aikin, kamar "we" ko "farmers"? To aikatau ce, adanawa ake nufi.

Gwada kanka

Fassara waɗannan zuwa Hausa, kuma ka faɗi wace ma'ana ce a cikin ukun:

1. The new desks are locked in the school store.

2. This store sells exercise books.

3. Store the seeds away from sunlight.

4. Kainji Dam stores water from the River Niger.

Cike gurbi da kalmar da ta dace:

5. The ants are ______ food for the dry season.

6. Our school has a two-______ building.

7. My phone has no ______ left.

Rubuta amsarka a takarda tare da sunanka da ajinka, ka jefa a akwatin kulob kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa amsoshi da sunayen waɗanda suka ci duka bakwai a fitowa ta gaba. Muna kuma roƙon malamanmu na Turanci su taimaka mana da dubawa. Mako mai zuwa za mu ɗauko "cupboard", wadda ta ba mu kabad, mu ga harafin da yake ɓoye a cikinta ba a furta shi. Sai mun haɗu.