Taya da Dusar Ƙanƙara: Yadda Ake Zaɓa wa Motar Jan Tirela Tayoyi

A Jihar Kolorado ta Amurka akwai wata babbar hanya mai lamba 70 wadda ta ratsa tsaunukan Roki ta cikin wani rami da aka haƙa a tsayin mita 3,400 daga doron teku. Da fitowa daga ramin ta yamma sai hanya ta gangara mita 7 a cikin kowace mita 100. Idan dusar ƙanƙara ta rufe kwalta, direban da ke janye da tirela ba shi da abin dogaro sai tayoyinsa.

Dalili kuwa shi ne gogayya, watau ƙarfin da ke hana taya zamewa a kan hanya. A busasshiyar kwalta, motar da ke gudun kilomita 50 a awa takan ci kamar mita 14 bayan an taka birki. A kan dusar da motoci suka daddanne sai ta ci wajen mita 50, a kan daskararriyar ƙanƙara kuwa kusan 100. Ga kuma tirela: mai nauyin kilo 2,000 takan tura motar gaba a wannan gangara da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 140. Masu motocin da injinsu ke juya duka tayoyi huɗu sukan ruɗu a nan. Wannan tsari yana taimakawa wajen hawa, amma ba ya ƙara kome wajen tsayawa.

Robar taya ta yau da kullum takan fara ƙandarewa idan sanyi ya kai ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Selshiyas. Ita tayar hunturu, wadda aka fara ƙera irinta a ƙasar Finlan a 1934, an haɗa robarta ne yadda za ta zauna da laushi. Zanenta na da zurfi, kuma an tsattsaga shi ƙanana-ƙanana domin ya ciji dusar. Ana gane ta da hoton tsauni mai ƙololuwa uku da ƙwayar dusa a ciki, alamar da aka fito da ita a 1999. Wannan alama ta fi haruffan M+S daraja nesa, domin sai taya ta ci jarrabawa a kan dusa kafin a buga mata ita.

Kamun ƙasa kaɗai bai isa ba. Kan tirela yana danne bayan mota da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta, saboda haka dole a duba lambar ɗaukar kaya da ke gefen taya. Alal misali, lamba 100 na nufin kilo 800, lamba 121 kuwa kilo 1,450. Taya mai kyau a dusa amma mai ƙaramar lamba za ta yi zafi ƙarƙashin kaya, tana ma iya fashewa.

A sa iri ɗaya a duka ƙafafu huɗu. Idan na gaba kaɗai aka sauya, baya zai zame a kwana, tirela ta turo shi har su naɗe kamar wuƙar aljihu. Har ila yau iska kan tsuke cikin sanyi, don haka da safe ake auna ta kafin a tashi, a kuma riƙe sarƙoƙin taya a mota. Dokar Kolorado ta 2019 ta wajabta wa masu bin wannan hanya tayoyin da zurfin zanensu ya kai kusan milimita 5, ko kuwa sarƙa, daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Mayu.