Murhun Hayaƙi Mai Araha: Yadda Za Ku Zaɓe Shi, Ku Gasa Nama a Tsakar Gida

Tsire da balangun da muka saba gani a bakin titi gashi ne na buɗaɗɗiyar wuta: garwashi a ƙasa, nama a kan waya, mai nama yana juyawa yana yayyafa mai. Akwai kuma wani gashin da ake rufe nama a cikin murhu mai murfi, zafi kaɗan da hayaƙin itace su dafa shi a hankali, awa huɗu, awa shida, wani lokaci har goma. Mutanen Texas da sauran jihohin kudancin Amurka sun yi suna a kansa, amma aiki da hayaƙi ba baƙo ba ne a wurinmu, masu bandar kifi a Baga da Yawuri sun gaje shi tun kaka da kakanni. Murhun wannan gashi bai kamata ya cinye wa gida kuɗi ba. Abu biyu ne ke sa shi aiki: murfi mai kama baki, da ƙofar iska da za ku iya ragewa ko ƙarawa.

1. Ku san irin da kuke nema. Akwai mai siffar tukunya da ƙafafu, wanda George Stephen ya fara ƙerawa a Amurka a 1952 daga rabin wani ƙarfe mai zagaye da ake kafawa alama a kan ruwa, kamfanin Weber kuma ya yaɗa shi a duniya. Akwai na duro a tsaye, wuta a gindi, nama a sama. Akwai kuma kwantacce mai akwatin wuta a gefe da doguwar mafitar hayaƙi, wanda ya fi ɗaukar ido a shago. Idan kuɗinku kaɗan ne, ku guji wannan na ƙarshe. Mai arahar cikinsa ƙarfensa ba kauri, hayaƙi na zurarewa ta kowace kafa, gefe ɗaya ya ƙone ɗayan bai dahu ba, ga cin gawayi. A ganina duron tsaye ya fi dacewa da gidan talaka: ba ya cin wuri, kwando ɗaya na gawayi kuma yana iya kai shi wuni.

2. Ku binciki tarihin duron kafin komai. Duro mai lita 200 ake amfani da shi, kuma masu walda a Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko kasuwar Katako a Yamai, za su haɗa muku shi ba tare da wahala ba. Sai dai tambayar farko ita ce: me aka zuba a cikinsa a da? Wanda aka zuba man girki ko wani abin ci shi ake so. Wanda ya ɗauki maganin feshi, fenti, sinadarin masana'anta, ko wanda mai sayarwa ya ce bai san abin da ya taɓa ɗauka ba, ku bar masa kayansa ko da kyauta ne. Duron fetur kuwa hatsarinsa tun a wurin walda yake farawa, domin tururin man da ya rage a ciki yana iya fashewa da zarar wuta ta taɓa shi. Ku leƙa ciki da fitila. Idan kun ga an shafe shi da wani fenti ja ko ruwan ƙasa, dole a ƙone shi a kankare har ƙarfe ya fito fili. Haka ma wayar da nama zai hau: kada a yi ta da ƙarfen da aka rufe da tutiya irin na kwanon rufi, kada kuma a yi amfani da ragar tsohon firji, wadda da yawa ke ɗauka don tana da kyan gani. Abin da aka shafa mata ba a yi shi don wuta ba.

3. Ku gaya wa mai walda abin da kuke so dalla-dalla, kada ku ce masa kawai "a yi mini murhun gashi", don na tsire zai yi muku. A huda ƙofofi uku kusa da gindi, kowace faɗinta kamar santimita 2, da marfin da ake zamewa a rufe ko a buɗe. A yi kwandon gawayi na raga mai ƙafafu, wanda zai tashi daga ƙasa da kamar santimita 8, toka ta samu wurin zuba. Wayar nama ta kasance kamar santimita 60 sama da gawayin. Murfin kuma a huda shi ko a sa masa ɗan bututu. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma ba ado ake nema a nan ba. Kafin ku cika kuɗi, a kunna 'yar wuta a ciki a rufe, ku tsaya ku ga inda hayaƙi ke fita. In yana tsiyaya ta bakin murfi ko'ina, a gyara.

4. Ku sayi ma'aunin zafi mai tsinke, irin wanda ake soka wa nama. Wanda ake liƙawa a murfin murhun kanti sau da yawa zafin sama yake nunawa, ba na inda naman yake ba.

5. Ranar farko ba ranar nama ba ce. Ku hura wuta mai ƙarfi a cikin duron ta ci na wasu awoyi, ya huce, a wanke, a shafe cikinsa da man gyaɗa, a sake ɗumama shi. Wannan shafin mai shi ke kare shi daga tsatsa, musamman da damina.

6. Gawayi mai kyau nauyi gare shi, in kun buga biyu za ku ji ƙara kamar ta ƙarfe, in kun karya kuma cikinsa na sheƙi. Na ƙirya, wanda maƙera suka daɗe suna so, yana jimawa yana ci. Mara nauyi mai yawan gari nan da nan yake zama toka, jiƙaƙƙe kuma hayaƙi mai ɗaci kawai zai ba ku. Ku cika kwandon da gawayin da ba a kunna ba, ku hura kamar cikin tafi biyu a waje ɗaya daban har ya yi ja, sannan ku zuba a kan na kwandon. Wutar za ta riƙa cin na ƙasa sannu a hankali. Kananzir, fetur, leda ko guntun roba kada su kusanci wannan murhu. A rufe yake, duk warin da ya shiga a jikin naman zai zauna. Takarda da ƙirare da mafici sun isa.

7. Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan masu farawa ke ɓata nama. Zafin da ake so a ciki tsakanin digiri 110 ne zuwa 125 a ma'aunin Selshiyos, kuma ba da ƙara gawayi ko rage shi ake samun haka ba, da iska ake samu. Ku fara da ƙofofin ƙasa duka a buɗe. Da zarar ma'auni ya kusa 100, ku rufe biyu, ku bar ɗaya. In zafi ya hau, ku ƙara matse ta. In ya sauka, ku ɗan buɗe. Bayan kowane gyara ku jira minti 15 kafin ku sake taɓawa, don wutar gawayi ba ta amsawa nan take. Hudar murfi kuwa a bar ta a buɗe koyaushe. Wasu na toshe ta wai don hayaƙi ya shiga naman sosai, sai ya fito baƙi, da ɗaci mai kama harshe. Ku kalli abin da ke fita ta bututun: siririn hayaƙi mai ɗan shuɗi, wanda da ƙyar ake ganinsa, shi ne mai kyau. Fari mai kauri da ke turnuƙe tsakar gida alama ce wutar na shaƙewa, kada ku ɗora nama sai ya washe. Lokacin hunturu, in iska na kaɗawa, ku juya ƙofar da ke buɗe ta ba iskar baya.

8. Ƙamshin daga itace yake zuwa, ba daga gawayi ba. Gutsure uku ko huɗu na busasshen icen mangwaro, gwaiba ko lemo, kowanne bai fi dunƙulen hannu ba, a binne su cikin gawayin. Ɗanyen itace, katakon da aka yi wa fenti, filawud, da duk icen da ke fitar da farin ƙaro irin na tumfafiya, babu su a wannan aiki.

9. Ku zaɓi naman da ya dace. Tsokar cinya marar kitse, wadda ta fi kyau a tsire, a nan bushewa take yi. Ku nemi mai kitse da jijiya: haƙarƙari, ƙirjin sa, tozo, kafaɗar rago ko ta akuya. Doguwar wuta ce ke narkar da jijiyar, naman ya yi laushin da za a yage shi da yatsa. A sa gishiri tun da daddare kafin ranar gashi a ajiye a firji, da safe a shafa citta, tafarnuwa, masoro da barkono. Yajin ƙuli ku bari sai ƙarshe, ko a kan faranti, don awoyi cikin hayaƙi na dusashe ɗanɗanonsa. Kaza kan ɗauki kamar awa 3, kuma ba ta dahu ba sai tsakiyar tsokarta ta kai digiri 74. Kafaɗa da ƙirji suna son su kai 90 zuwa 95.

10. Ku daina ɗaga murfi. Kowane leƙe zafi ne ke fita, iska kuma ta shiga ta tayar da wuta. Idan babban nama ya kai wajen digiri 70, za ku ga ma'auni ya tsaya cak, wani lokaci fiye da awa ɗaya. Ba abin da ya lalace, ruwan jikin naman ne ke fita yana sanyaya shi. A nan za ku iya naɗe shi a takardar alminiyam, kamar yadda mai balangu ke rufe nasa don ya yi laushi. Takardar buhun siminti da jarida ba na abinci ba ne. In an sauke, a bar shi a naɗe rabin awa kafin a sa wuƙa.

11. Gawayi na fitar da iskar kabon monoksaid, irin wadda ke kashe mutane a hayaƙin janareta. Ba ta da wari, ba ta da launi. A fili ake ajiye wannan murhu, nesa da taga da rumfar zana, ba a zaure ko kicin ba, ko da ruwan sama ya tsuge. Kada a ɗebi ragowar garwashin a kai ɗaki don jin ɗumi. Jikin duron kuma yana ƙona fata ko ba a ga wuta ba, a sa babba ya tsare yara. In an gama, a rufe duk ƙofofi wutar ta mutu da kanta, gawayin da ya rage ya yi wani gashin.

12. Wannan nama ba banda ba ne, ba kilishi ba ne, da ruwansa a jiki. Abin da ba a ci ba ya shiga firji cikin awa 2, a lokacin bazara ma cikin awa 1. Masu shirin yi wa naman layya wannan gashi, don Allah kada ranar Sallah ta zama ranar koyo. Ku gwada da kaza ɗaya ko biyu tun da sauran makonni, ku gane halin murhunku, sannan ku ɗora masa kafaɗar rago.