Ɓawon Lemo: Shara ko Dukiya?

Gabatarwa

Idan aka matse lemon zaƙi a masana'anta, kusan rabin nauyinsa ne kawai ke zama ruwan sha. Sauran rabin, watau ɓawo da tuƙa da 'ya'yan ciki, shi ne ake kira shara. A jihar Sawo Fawulo ta ƙasar Barazil, wadda ta fi ko'ina a duniya sarrafa ruwan lemo, an daɗe ana busar da wannan shara don ciyar da shanu. Amma masana kimiyya sun nuna cewa amfaninta ya wuce haka nesa.

Abin da ke cikin ɓawo

Sinadarai uku ne suka fi muhimmanci. Na farko shi ne pektin, wanda ke manne ƙwayoyin halittar tsiro da junansu kamar yadda laka ke riƙe tubala. Wani masani Bafaranshe, Henri Braconnot, shi ya ware shi a shekarar 1825. Pektin yakan kai kashi 20 zuwa 30 bisa ɗari na busasshen ɓawo. Na biyu shi ne selulos, zaren da ke ƙarfafa bangon ƙwayar halitta, kuma shi ne dai asalin auduga. Na uku shi ne limonin, man da ke ba ɓawo ƙamshinsa.

Yadda ake sarrafa su

Ana dafa ɓawon cikin ruwa mai ɗan asid, a zafin da bai kai na tafasa ba, sannan a tace. Da an zuba sinadarin etanol a ruwan da aka tace, sai pektin ya dunƙule ya fito. Idan aka narkar da shi aka haɗa da gilisarin, aka shimfiɗa ya bushe, sai a sami fallen abu mai kama da leda. Bambancinsa da ledar man fetur shi ne, ƙananan halittun ƙasa suna iya cinye shi, alhali kuwa leda takan shekara da shekaru tana toshe magudanan ruwa, tana kashe dabbobin da suka haɗiye ta.

A shekarar 2004, masana a Jami'ar Kwanel ta Amurka sun haɗa roba daga limonin da iskar da ɗan Adam ke fitarwa wajen numfashi. Haka kuma a 2014 aka kafa kamfanin Orange Fiber a tsibirin Sisili na Italiya, don yin zaren saƙa daga selulos ɗin lemo.

Matsaloli

Sai dai kuma akwai cikas biyu. Ɗanyen ɓawo kusan kashi 80 bisa ɗari ruwa ne, saboda haka yakan fara ruɓewa cikin 'yan kwanaki, busar da shi kuma yana cin makamashi. Na biyu, ledar pektin tana tsotsar laima ta yi laushi, don haka ba ta dace da ƙunshe abu mai ruwa ba sai an gauraya ta da wani sinadarin.

Kammalawa

Darasin da ke nan shi ne, dole a kafa wurin sarrafa ɓawo dab da wurin matse lemo. Wannan magana ta shafi jihar Binuwai, inda ake noman lemo da yawa. Arewacin Nijeriya kuwa yana da zafin rana da iskar hunturu masu busar da kaya kyauta. Ya rage ga ɗaliban kimiyya su gwada ko ɓawon da aka shanya a rana zai ba da pektin mai ingancin da masana'antu za su karɓa.