Yadda Ake Kiwon Ƙwaron da ke Kashe Murzuna

Manomin Hawandawaki ya san murzuna, tsutsar da ke sassaƙe zangarniyar gero ta bar layi a murɗe. Feshi ba ya cimma ta, don a cikin zangarniya take fakewa. Maganinta wani ɗan ƙwaro ne dangin zanzaro, Habrobracon hebetor, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Masana na cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi sun daɗe suna kiwonsa, kuma ƙungiyar manoma ma za ta iya.

Da abincinsa ake farawa, watau tsutsar hatsi da ake kira Corcyra. A nemi irinta da na ƙwaron ta hannun malamin gona. A zuba gero da garinsa a bokiti, a saka tsutsar, a ɗaure bakin da ƙyalle mai shan iska, a ajiye a inuwa. Nan haƙuri yake: sai an yi wata ɗaya ko fiye kafin sabbin tsutsotsi su ƙosa. Wanda ya bari sai gero ya fid da kai sannan ya fara, ya makara. A ɗora bokitin kan abin da ƙafafunsa ke cikin ruwa, in ba haka ba tururuwa ce za ta ci moriyar wahalar.

Sai haɗa jaka. A ɗinka 'yar jaka ta buhun algarara, a zuba gero da ɗan gari, tsutsa 25, da matan ƙwaron guda 2 da suka riga suka haɗu da namiji, a ɗaure. Macen za ta harbi tsutsa ta sandare, ta yi ƙwai a jikinta, 'ya'yan su tsotse ta. Bayan kamar kwana 8 sabbin ƙwari za su fara sulalewa ta ramukan buhun. Shi ya sa leda ba ta yi.

Idan gero ya fara fid da kai, a rataya jaka 15 a gonakin gari: uku a tsakiya, uku-uku gabas da yamma, kudu da arewa. A rataya su a reshen itace, a kife musu wani abu saboda ruwan sama.

Ƙwaron bai san iyakar gona ba, yana bazuwa kilomitoci, don haka aikin na gari ne. A sanar da mai gari da maƙwabta tun da wuri, kowa ya jingine feshi a gonar gero, domin maganin da ya kasa murzuna yana kashe ƙwaron.