YADDA ZA KA KULA DA UWAR GARKE A OFIS

Wannan darasi an shirya shi domin ma'aikacin da aka damƙa wa babbar kwamfutar ofis, ko a sakatariya, ko a asibiti, ko a makaranta. Wannan kwamfuta ita a ke kira uwar garke, domin ita ke riƙe da takardu, ita ke kuma amsa kiran sauran kwamfutoci dare da rana. Ran da ta tsaya, albashi ya kan makara, takardun marasa lafiya su ƙi buɗuwa, jama'a su yi ta jira a bakin ƙofa. Saboda haka aikin mai kula da ita amana ne, ba ƙaramin abu ba ne.

Za mu ɗauki misali da Ubuntu, wanda a ka gina a kan Linux, da kuma manhajar Nginx mai raba shafukan intanet. Linux dai wani ɗalibi ne a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991. Nginx kuwa Igor Sysoev na ƙasar Rasha ya fito da ita a 2004. Dukansu kyauta ne. Wanda ya gane hanyarsu ba zai sha wuya da sauran ba, gama ƙa'idodin kusan ɗaya ne.

1. KAFIN KA SA KOME

Da fari ka duba ɗakin da za ta zauna. Zafi da ƙura su ne manyan abokan gābar inji. In hunturu ya shigo, ƙura ta kan toshe fankar ciki, injin ya yi zafi, ya kashe kansa. A ajiye ta bisa tebur, kada a ƙasa, a riƙa kuma share ramukan iskarta. Lalle ne a haɗa ta da batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, domin yankewar wuta a tsakiyar rubutu ta kan lalata takardun da ke cikin faifai.

Sa'an nan ka zaɓi fitowar da a ke daɗe ana gyarawa. Ubuntu na fitar da irin wannan a watan Afrilu, shekara biyu biyu, kamar 22.04 da 24.04, ana kuwa yi wa kowace gyaran tsaro kyauta har shekara biyar. Ka rubuta ranar da wa'adin taka zai ƙare, ka manna a bango. Ofisoshin da su ka dogara ga CentOS 7 sun ga haka ran 30 ga Yuni, 2024, sa'ad da a ka daina yi masa gyara.

Abu na uku, ka sami littafi guda, ka riƙa rubuta duk abin da ka canja, da kwanan wata, da dalili. Wata rana za a yi maka canjin wurin aiki, ko ciwo ya kwantar da kai. Wanda ya gaje ka, wannan littafi shi ne idonsa.

2. SAKA MANHAJA

Kada ka ɗauko manhaja daga inda ka ga dama. Ubuntu na da rumbunsa, kome ke ciki an sa masa hatimi. Ka rubuta waɗannan, ɗaya bayan ɗaya:

sudo apt update
sudo apt upgrade
sudo apt install nginx

Na farko ya na ɗauko sabon jerin abin da ke cikin rumbun. Na biyu ya na sabunta abin da ke cikin injinka. Na uku shi ke sa Nginx. Kalmar nan sudo ma'anarta ka ari ikon babban mai iko, wanda a ke kira root, domin umurni guda kaɗai. Kada ka zauna cikin wannan iko yini guda. Shi root ba a tambayarsa dalili. In ya ce a share kome, sai a share.

In ka gama, ka tabbatar ta tashi:

systemctl status nginx

Kada kuma ka sa abin da ba ka bukata. Kowace manhaja ƙofa ce, gida mai ƙofofi da yawa kuwa wuyar tsaro gare shi.

3. SHIRYA TA

Takardun da ke gaya wa Nginx yadda za ta yi aiki su na cikin /etc/nginx. A nan ne ma'aikata su ka fi yin ɓarna, don haka ga ƙa'idodi huɗu.

Na ɗaya, kafin ka taɓa takarda ka yi kwafinta, ka sa kwanan wata a sunan kwafin. Na biyu, abu ɗaya za ka canja a lokaci guda. In ka canja biyar aikin ya tsaya, ba za ka san wanne ya jawo ba. Na uku, ka gwada kafin ka sa ya fara aiki:

sudo nginx -t

In akwai kuskure, ko da alamar rubutu guda ce ka manta, zai gaya maka sunan takardar da lambar layin. Sai ya ce kome daidai ne sa'an nan ka rubuta sudo systemctl reload nginx, watau ta karɓi sabon shiri ba tare da ta kori masu aiki da ita ba. Na huɗu, kada ka yi babban canji ranar da za a tashi hutun mako, ko ranar biyan albashi. Sauri ya kan haifi nawa.

4. KULLE ƘOFOFI

Kowace hidima ta na da lambar ƙofarta. Ta 22 ita ce ta SSH, inda ka ke shiga daga nesa. Ta 80 da ta 443 su ne na shafuka, ta 443 kuwa ita ce mai ɓoye abin da ke wucewa. Duk injin da ke kan intanet, ba ya daɗewa sai ɓarayi sun fara ƙwanƙwasa ƙofarsa, su na gwada kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya. Ba don sun san ka ba ne. Injuna ne su ke bin kowa.

Ubuntu na da katangar tsaro mai suna ufw. Amma ka lura da wannan ƙwarai: ka buɗe ƙofa ta 22 tukuna, kana ka ta da katangar. In ka juya su, ka kulle kanka a waje ke nan, sai ka taka zuwa inda injin ya ke.

sudo ufw allow 22
sudo ufw allow 80
sudo ufw allow 443
sudo ufw enable

Ya fi kyau ka shiga da mabuɗin SSH maimakon kalmar sirri. In mabuɗin ya yi aiki, sai ka shiga /etc/ssh/sshd_config ka hana shiga da kalmar sirri, ka kuma hana root shiga kai tsaye. Kada ka rufe tagar da ka ke ciki sai ka buɗe wata ka ga ta shiga. Kowane ma'aikaci ya sami sunansa na shiga, wanda ya bar aiki kuwa a soke nasa ran nan.

Sabuntawa ma tsaro ce. Ran 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitoci da yawa a Ingila su ka mai da marasa lafiya gida. Kamfanin Microsoft kuwa ya riga ya fitar da maganin tun watan Maris na wannan shekara, sai dai da yawa ba su sa ba. Rigakafi ya fi magani.

5. IN ABU YA LALACE

Kada ka ruɗe, kada kuma ka fara da kashe inji da kunnawa. Ka tambayi kanka: me a ka canja na ƙarshe? Littafinka zai ba ka amsa. Bayan haka ka bi waɗannan da bi da bi.

Ka karanta rahoto. Nginx na rubuta kukanta a /var/log/nginx/error.log. Ka duba layukan ƙarshe da sudo tail /var/log/nginx/error.log. In ta ƙi tashi sam, ka rubuta journalctl -u nginx. Sau da yawa amsar na nan a rubuce, karantawa ce ba a yi ba.

Ka duba faifai da df -h. In ya cika, abubuwa da dama su kan tsaya ba tare da bayani ba. Tsofaffin rahotanni ne su ka fi cika shi.

Ka duba ƙofa da sudo ss -tlnp. Manhaja biyu ba sa tsayawa a ƙofa ɗaya. In Apache ta riga ta tare ta 80, Nginx ba za ta tashi ba sai an kawar da ɗaya.

Ka fahimci lambobin da shafi ke nunawa. 404 ba a sami takardar da a ka nema ba. 403 an hana isa gare ta, galibi don ba a ba Nginx izinin karanta ta ba. 502 kuwa Nginx lafiya ta ke, manhajar da ke bayanta ce ba ta ba da amsar kirki ba, can za ka nema. In ka ga 403, kada ka rubuta chmod 777 don ka huta. Wannan ya ba kowa ikon karantawa da canjawa, daidai ya ke da cire ƙyauren gida don makulli ya ƙi buɗuwa.

Ka duba agogo da timedatectl. In agogon inji ya kauce, a kan ƙi karɓar takardar shaidar tsaro. Ita ma takardar ta na da wa'adi, ran da ya ƙare masu shiga za su ga gargaɗi su koma. Ka shirya ta riƙa sabunta kanta, ka kuma riƙa dubawa.

6. KWAFIN AJIYA

Wannan ya fi duk na baya muhimmanci. Inji a kan sayi wani, amma takardun shekara goma ba a sayensu a kasuwa. Ka riƙe kwafi uku, a kan irin ma'aji biyu dabam, ɗaya kuwa ya zauna a wani gini, domin gobara ko ɓarawo ba sa bambanta inji da kwafin da ke kusa da shi.

Yin kwafi kaɗai bai isa ba. Ran 31 ga Janairu, 2017, wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya share babban rumbun bayanansu, ya na tsammani a kan na biyu ya ke. Da su ka juya ga kwafinsu, sai su ka tarar hanyoyin da su ka dogara a kai ba su aiki. Wani kwafi da a ka ɗauka kamar awa shida kafin nan shi ya cece su, aikin waɗannan awoyi kuwa ya tafi. Darasi biyu ke nan. Ka dubi sunan injin da ka ke ciki kafin ka share kome. Kowane wata kuma ka ɗauki kwafinka, ka mai da shi a kan wani inji, ka ga ko ya buɗe. Kwafin da ba a gwada ba, zato ne kawai.

ABUBUWAN TUNAWA

Kowace safiya: ka duba faifai, ka karanta rahoto, ka ga ko kwafin jiya ya kammala.
Kowane mako: ka sa gyare-gyaren tsaro, ka share ƙura.
Kowane wata: ka gwada kwafin ajiya da batiri, ka duba sunayen masu izinin shiga.

Wanda ya riƙe waɗannan, da wuya a neme shi da tsakar dare. In kunne ya ji, jiki ya tsira.