Gyaran Gida Kafin Haihuwa: Jan Hankali ga Magidanta

Al'adarmu ce idan ciki ya tsufa maigida ya fara duban gidansa da idon baƙi. Sai ya ga bango ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, silin ya zazzago, daɓen tsakar gida ya farfashe, ga shi ranar suna dangi za su cika gida. Nan da nan a kirawo birkila da mai fenti, saura mako biyu ko uku a haihu, a yi ta kankara da shafe-shafe, mai ciki kuwa tana cikin ƙurar tana dafa wa leburori abinci. Niyya kam kyakkyawa ce. Abin gyara shi ne lokacin da aka zaɓa, da kuma wanda ake yin aikin dominsa.

Jama'a, a san cewa akwai fentin da ake haɗawa da dalma don launinsa ya fito ya kuma daɗe, musamman fentin mai irin na ƙofofi da tagogi da gadon ƙarfe, ja da rawaya sun fi yawan ɗauke da ita. Amurka ta hana shafa irinsa a gidaje tun 1978, amma a ƙasashenmu an daɗe ana sayar da shi bayan haka. Muddin yana manne da bango lafiya lau, cutarsa kaɗan ce. Ranar da mai fenti ya sa sanfefa ya goge shi a bushe, ranar ce dalmar ke zama gari, ta sauka a tabarma da kwanon tuwo da bakin randa. Mai ciki ta shaƙa ko ta haɗiya, dalma ta bi jini ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan da ke ciki. Tana iya jawo ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ba za a gane ba sai ya shiga makaranta karatu ya gagare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mizanin dalma a jini da za a kira marar lahani.

Ba mu buƙatar a kawo mana misali daga nesa. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, yara fiye da 400 suka rasu saboda ana niƙa duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidajen aka zuba sabuwa. A 2015 irin haka ta sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Dalmar fenti ba ta kai wannan yawa ba, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce: ƙura a ƙasa, hannun yaro, bakin yaro. Saboda haka wanda zai yi yaɓe ko daɓe a yankin da ake haƙar ma'adinai, ya san ramin da aka ɗebo masa ƙasa.

To, yaya za a yi? A gama duk aikin fasa bango da kankara da fenti tun ciki bai wuce wata bakwai ba, domin haihuwa ba ta jiran birkila, shi kuma birkila in ya ce maka mako ɗaya, ka sa ran uku. Kwanakin aikin, uwargida ta koma gidan iyayenta ko wani sashe na gidan, har da ƙananan yara. Idan haihuwar fari ce ma, goyon ciki ya riga ya sauƙaƙa mana, sai a yi aikin bayan ta tafi. A yayyafa wa tsohon fenti ruwa kafin a taɓa shi, a kwashe tarkacen a buhu, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma. Tsintsiya ba ta fitar da irin wannan ƙura, tayar da ita take yi. Kuma kada a ce mai ciki ce za ta yi sharar, ko ta wanke tufafin da aka yi aikin da su.

Cikin ɗaki a shafa fentin ruwa. Na mai, wanda ake tsinkawa da tina ko kananzir, warinsa kan sa jiri da ciwon kai da amai, yana kuma daɗewa bai fita ba. A bar tagogi buɗe har sai wanda ya shigo daga waje bai ji warin komai ba. Haka fiya-fiya da ake fesawa don kuɗin cizo da gara: guba ce, ba a kwana da ita a rufaffen ɗaki.

Tsofaffin gidajen gwamnati da na ma'aikata da yawa silin ɗinsu na asbesto ne. In bai fashe ba a ƙyale shi. In dole sai an cire, a jiƙa shi a sauke fallen ɗungurungum, kada a sa masa zarto, domin zaren ƙurarsa yana maƙalewa a huhu, cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru ashirin ko fiye.

Ni a ganina, in kuɗi bai isa komai ba, a bar fentin gaba ɗaya. Baƙin suna wuni ɗaya za su yi su watse, maijego ce za ta yi arba'in a ɗakin. A sa raga a taga, a kafa ƙusoshin ɗaura gidan sauro, a cike kwatamin da ruwa ke kwanciya, don zazzaɓin cizon sauro yana ƙarar da jinin mai ciki, ya sa a haifi yaro ba nauyi. A toshe yoyon kwano kafin damina ta faɗi. A gyara daɓen makewayi da wurin wankan jego yadda ba zai yi santsi ba, tayil mai sheƙi bai dace da mace mai ɗauke da bokitin ruwan zafi ba. Ɗakin ya kasance da mafitar iska, domin da hunturu akan shigo da kaskon gawayi a rufe ƙofa, iskar da gawayi ke fitarwa kuwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci. Janareto ma haka yake, a yi masa wuri a waje, nesa da tagar maijego.

Sannan kafin a biya kuɗin siminti buhu ɗaya, maigida ya ware na awo da na motar zuwa asibiti da tsakar dare, ya ajiye su inda ko birkila ya zo da ƙarin lissafi ba za a taɓa su ba.